Tsohon kare mai yawan shan ruwa da zubar gashi: a yi magani ko a hutar da shi?

Bakari (Garwa), mai kula da zaure:
Assalamu alaikum jama'a. Wani ɗan zaure ya turo tambaya ta bayan fage. Karen gadi ne, namiji, shekara 11, nauyinsa wajen kilo 18. Wata huɗu ke nan ruwa ba ya isarsa, fitsari ko'ina har inda yake kwana, ci ba ƙoshi. Ciki ya sauko, gashi ya zube a kwiɓi biyu amma ba ya susa, yana haki ko da dare. An ce masa ciwon Kushin ne. Yana son sanin ko akwai magani, in babu kuma, yaushe ya dace a hutar da dabbar. Dakta Hamadu, Dakta Maryamu, bisimilla.

Dakta Hamadu (Ngaundere):
Wa'alaikumus salam, Malam Bakari. Kafin komai a tambayi mai karen abu ɗaya: an taɓa yi masa allurar deksa (deksametazon), ko ana ba shi ƙwayar firednisolon, magungunan kumburi da susa masu aiki irin na sinadarin kortizol na jiki, ko ana shafa masa man fata irin na 'yan tebur? A yankinmu wannan tambayar ce ta fari, domin ciwon yana da hanya uku.

Asalinsa yawan sinadarin kortizol ne a jini. Wasu 'yan halittu biyu ƙanana da ke kusa da ƙoda, adirinal, su ke fitar da shi, kuma umarni yana zo musu daga fituwitari da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa. Cikin karnukan da ciwon ya taso musu daga jiki, kashi 80 zuwa 85 cikin ɗari ɗan ƙari ne a fituwitari, sauran kuma ƙari ne a adirinal ɗaya. Hanya ta uku ita ce wadda mutum ya jawo da hannunsa: kare yana susa, a sayo deksa a kasuwa, a soka masa, susa ta lafa mako biyu, ta dawo, a sake. Bayan watanni sai ka ga dukkan alamun da aka lissafa. Wannan na ukun yana warkewa ba tare da magani mai tsada ba.

Dakta Maryamu (Marwa):
Ƙari kan maganar Dakta: in har deksa ce, kada a yanke ta rana ɗaya. Adirinal ɗinsa sun daɗe ba su aiki tunda ana kawo musu daga waje, in ka yanke sai kare ya faɗi da amai da zawo da kasala, yana iya mutuwa. Likita zai mai da shi kan firednisolon, wanda deksa ta ninka shi ƙarfi wajen sau bakwai, sannan a riƙa rage rabi kowane mako ɗaya zuwa biyu, daga baya a koma kwana ɗaya a ba, kwana ɗaya a tsallake, har a daina. Shan ruwa ne ke fara raguwa. Gashi sai an yi haƙurin watanni.

Bakari (Garwa):
Na tambaye shi. Ya ce bai taɓa yi masa allura ba in ban da ta rigakafin haukan kare. Man shafawa ma babu.

Dakta Hamadu (Ngaundere):
To madalla. Yanzu a auna ruwan. "Yana sha da yawa" ba ma'auni ba ne, musamman a Garwa da zafi ke wuce digiri 40 a Maris da Afrilu. Kare lafiyayye yana shan mililita 40 zuwa 60 kan kowane kilo a yini. In ya haura 100 akwai matsala. Ga mai kilo 18, lita ɗaya daidai ne, abin da ya wuce lita 1.8 kuma abin bincike ne.

Yadda za a yi: a samu gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi, da ita za a riƙa zuba masa, ana rubuta adadi. Washegari daidai wannan lokacin a auna abin da ya rage. A yi haka kwana uku. A ajiye wani kwano irin nasa a gefe da ruwa daidai, a rufe da raga, domin a san nawa rana da iska suka ɗauke, a cire daga lissafi. A tabbatar ba ya sha a kwata ko kwanon kaji. Nauyi ma a auna na gaske: a sa shi a buhu mai ƙarfi da aka yanka wa hudar ƙafafu, a rataya a sikelin hatsi. Magani da kilo ake ba da shi.

Alhaji Sali (Gider):
Dakta, ni a ganina mafita mai sauƙi ita ce a rage masa ruwa da yamma, fitsarin dare zai ragu. Tsakar gida ce ake salla a ciki, mata ba za su jure ba.

Dakta Maryamu (Marwa):
A'a Alhaji, don Allah kada a yi haka. Ba shan ruwan ne ke kawo fitsarin ba, fitsarin ne ke kawo ƙishirwar. Kortizol ya hana ƙoda riƙe ruwa, don haka ko ka hana shi sha zai ci gaba da zubarwa har jikinsa ya bushe. A bazara yini ɗaya ya isa ya lalata ƙodar tsohon kare. Ruwa ya kasance a gabansa dare da rana, kwano biyu, ko ɗaya zai kife.

Damuwarka ta tsarki kuwa gaskiya ce, kuma tana da gyara. A ware masa lungu nesa da wurin salla da madafa, ƙasa ta ɗan gangara, a zuba yashi. A fitar da shi bayan isha'i, da tsakar dare in akwai mai gadi, da kuma asuba. Amma a riƙa kwashe jiƙaƙƙen yashin kullum. Akwai ƙudan da ke saka ƙwai a yashin da fitsari ya taɓa a inuwa, tsutsar ta huda fata ta zauna ciki, sai ka ga ƙuraje masu ɗan rami a tsakiya a ciki da cinyoyi. Kare mai Kushin fatarsa ta yi siriri, garkuwar jikinsa ta yi rauni, shi ne abincinsu.

Hawwa'u (Garwa), ma'aikaciyar labo:
Bari in sa baki ta ɓangaren gwaji, don mutane suna tsallakewa zuwa mai tsada alhali mai araha bai fito ba. A fara da waɗannan, kowane labo yana yi:

Fitsarin safe, a tare shi a kwano mai tsabta. A duba sukari, a duba kaurinsa. A Kushin yawanci yana ƙasa da 1.020, tsararo ne. In akwai hali a shuka shi a ga ko akwai ƙwayoyin cuta, domin waɗannan karnuka suna ɗauke da ciwon mafitsara ba tare da alama ba. A jini kuma a duba sukari, ure da kireyatinin na ƙoda, da sinadaran hanta, musamman wanda ake rubuta PAL ko ALP. Yakan hau sosai, amma hawansa kaɗai ba hujja ba ne.

Ciwon sukari da ciwon ƙoda duka suna kawo ƙishirwa da fitsari. Da karya ce wadda ba a cire wa mahaifa ba, da sai a fara zargin mugunya a mahaifa, wadda takan biyo bayan lokacin barbara da wata ɗaya ko biyu, kuma ita aikin gaggawa ce.

Dakta Hamadu (Ngaundere):
Haka ne 'yar'uwa. In waɗannan sun nuna hanya, sai gwajin tabbatarwa. Wanda ya fi dacewa da mu shi ne na ƙaramar deksa: a ɗebi jini da safe, a yi masa deksametazon miligiram 0.01 kan kilo ta jijiya, a sake ɗiba bayan awa 4 da awa 8. Lafiyayyen kare kortizol ɗinsa zai faɗi ƙasa. In a awa 8 yana sama da wajen 40 nmol/L, wato 1.4 µg/dL, ga kuma alamu, to shi ne. Adadin ɗan mitsitsi ne, miligiram 0.18 ga wannan karen, dole a tsarma maganin da ruwan allura kafin a ja, in ba haka ba za a zarce a ɓata gwajin. Ɗaya gwajin shi ne na ACTH, sinadarin da fituwitari ke umartar adirinal da shi, ana yinsa da allurar Synacthen, a ɗebi jini kafin da kuma bayan awa 1. Shi ke bambanta wanda deksa ta jawo, kuma da shi ake bin magani. Ekografi, wato hoton cikin ciki da na'ura, kuma yana nuna ko adirinal biyu ne suka kumbura ko ɗaya ne ke da ƙari.

Kada a yi gwajin ga karen da ke fama da wani ciwo a lokacin, misali zazzaɓin kaska. Wahala tana ɗaga kortizol, sakamako ya fito da ƙarya.

Hawwa'u (Garwa):
Kuma in labon mutane za a kai, a gaya musu na kare ne, kada a karanta da ma'aunin mutum da ke jikin takardar. A raba ruwan jinin da wuri, a rubuta lokaci a kowace kwalba, a sa a kula da ƙanƙara. Kwalba uku marasa alama aikin banza ne, ba wanda zai san wacce ce ta awa 8.

Isiyaku (Njamena):
Duk na ji. Amma mu faɗa wa juna gaskiya. Maganin wannan ciwo ba ya cikin famasin unguwa, sai an yi oda daga Yawunde ko Duwala ko ma Faransa. Mutum yana da iyali. A ce ya ɗauki nauyin kafso kullum har ƙarshen ran kare ɗan shekara 11? Ni ina ganin ba da shawarar da mutum ba zai iya ɗauka ba zalunci ne a kansa.

Dakta Maryamu (Marwa):
Yaya Isiyaku, ban ƙi taka ba, kuma ba kowane kare mai Kushin ne dole a sa wa magani ba. Bari in faɗi abin da maganin yake, mai shi ya yanke.

Tirilostan ne, ana sayar da shi da sunan Vetoryl, kafso na miligiram 10, 30, 60 da sauransu. Ba ya cire ƙarin, yana dai toshe haɗa kortizol, don haka har abada ne. Ana farawa da miligiram 1 zuwa 2 kan kilo a yini, tare da abinci, domin da abinci yake shiga jini sosai. Ga mai kilo 18 kafso ɗaya na 30 da safe. Ba a buɗe kafso a raba, mace mai ciki kuma kada ta taɓa shi. Ba a ajiye shi inda zafi ya wuce digiri 25, wanda a nan yana nufin ba a ɗakin kwano ba. A koma wurin likita bayan kwana 10 zuwa 14, sai wata ɗaya, sai wata uku, daga nan kowane wata uku, ana duba kortizol da sodiyom da fotasiyom. Gwajin ACTH awa 4 zuwa 6 bayan shan kafso ake yinsa.

Haɗarinsa shi ne ya zarce ya danne adirinal fiye da kima. Ranar da kare mai haɗama ya juya wa abinci baya, ko ya yi amai, zawo, rawar jiki, ya kasa tashi, a tsayar da kafso nan take a kira likita. Kada a ce bari a ba shi na yau a gani. Yana da kyau likita ya bar wa mai shi 'yan ƙwayoyin firednisolon na ko-ta-kwana. Karen da hanta ko ƙodarsa ta riga ta lalace ba a sa masa shi.

In an dace, ƙishirwa da haɗama suna sauka cikin mako biyu zuwa huɗu, fata da gashi wata uku zuwa shida. Matsakaicin abin da suke rayuwa a kan magani wajen shekara biyu ne. Inda na tsaya tare da kai shi ne: wanda ba zai iya samun kafso a kai a kai ba, ko ba zai iya gwajin bibiya ba, gara kada ya fara. A sha wata ɗaya, a rasa wata biyu, a dawo da tsohon adadi ba gwaji, wannan ya fi rashin maganin haɗari.

Isiyaku (Njamena):
Ketokonazol fa? Shi ana samunsa, kuma na ji ana cewa yana yi.

Dakta Hamadu (Ngaundere):
Yana rage kortizol, ana fara shi da miligiram 5 kan kilo sau biyu a yini a ƙara a hankali. Amma a karnuka da dama ba ya yin komai, kuma yana taɓa hanta, hantar da ciwon ya riga ya kumbura. In za a gwada, da likita da gwajin hanta, kuma a daina da zarar ido ko dasashi ya yi rawaya ko ci ya tsaya. Mitotan kuwa yana kashe ɓangaren adirinal ne kai tsaye, ba na ba kowa shawararsa inda babu gwaji a kusa.

Wanda ba zai yi magani ba kuma akwai aiki a gabansa, ba zama zai yi ba. Abinci: a raba sau uku ƙanana, a rage kitse da gishiri. Shinkafa ko tuwo, nama marar kitse ko kifi da aka cire wa ƙaya, dafaffen ƙwai, da kabewa don ta cika ciki. Ban da ragowar miya mai albasa da tafarnuwa, ban da kitsen mahauta, domin suna saurin kamuwa da kumburin fankiriyas, gaɓar da ke daidaita sukari a jini. A rufe shara, yunwarsa za ta kai shi cin leda. Sarƙa a wuya tana yanka siririyar fata, a ɗinka masa abin ɗauri na yadi mai faɗi ta ƙirji. Shimfiɗa mai taushi a inuwa, buhu biyu da tsohon bargo. Yawo kaɗan da sassafe don naman ƙafa kada ya ƙarasa narkewa. Kaska a cire kullum. Kowane ƙurji a wanke da kulorheksidin, ruwan wanke ciwo, tun yana ƙarami, ciwonsu ba ya saurin warkewa.

Dakta Maryamu (Marwa):
Abu biyu da ake yi da kyakkyawar niyya suna kashe su. Na ɗaya baƙin mai na inji da ake shafa wa inda gashi ya zube, wai ƙazuwa ce. Guba ne, yana lasa, fata ma tana tsotsa. In ana zargin ƙazuwa a kankaro fata a duba a madubin labo, tana iya haɗuwa da Kushin kuma tana da maganinta. Na biyu ibufurofen da diklofenak don ciwon gaɓoɓi. Ga kare suna huda ciki su lalata ƙoda, balle wanda kortizol ya cika wa jini. In kashinsa ya koma baƙi kamar kwalta, jini ne daga ciki. A sani kuma, in aka fara tirilostan ciwon gaɓoɓin da kortizol ke ɓoyewa yakan fito fili, kada a ɗauka maganin ne ya gurgunta shi.

Malam Abbo (Kuseri):
Jama'a, kun yi bayani mai gamsarwa, Allah ya saka. Ɓangare na biyu na tambayar ne ya dame ni. Rai na Allah ne. Wane ne mu da za mu sa wa dabba ranar mutuwa? A ciyar da shi, a shayar da shi, ajali ya same shi.

Malam Garba (Garwa):
Malam Abbo, kalamanka suna da tushe, kuma akwai malaman da ke kan haka. Amma a mazhabarmu ta Malikiyya akwai sauƙi: a Muhtasar na Shaihu Halil, babin yanka, an halatta gaggauta wa dabbar da ba a cin namanta mutuwa idan an ɗebe tsammanin rayuwarta, don a hutar da ita. Sharaɗin shi ne ɗebe tsammani, ba gajiya da ɗawainiya ba. Hadisin Shaddadu ɗan Ausu a Sahihu Muslim kuma ya wajabta kyautatawa a kan komai har wajen kisa. Abin da ban san mai halatta shi ba shi ne a ɗauki tsohon kare da ya yi shekara goma yana gadin gida a kai shi bayan gari a yar, ko a daina ba shi ruwa don ya mutu da kansa. Mun san labarin wanda aka gafarta wa saboda ya shayar da kare.

Malam Abbo (Kuseri):
Na karɓi nassin, Malam. Sai dai wa zai ce an ɗebe tsammani? Nan ne zuciya ke iya yaudarar mutum.

Dakta Hamadu (Ngaundere):
Shi ya sa ba a barin wa zuciya ita kaɗai. Kushin a kan kansa ba ciwo ne mai raɗaɗi ba. Karen da ke ci, yana tashi da kansa, yana kaɗa wutsiya in mai gida ya shigo, lokacinsa bai yi ba ko da babu gashi ko ɗaya a jikinsa. Muni a ido ba dalili ba ne.

A rataya kalanda, kowane dare mutum ɗaya ya sa alama: yau ya ci? ya tashi ba taimako? ya yi fitsari a waje ko ya kwanta a ciki? numfashi lafiya? ya kula da mutane? In ranakun wahala suka rinjayi na sauƙi mako biyu a jere, kuma likita ya duba bai ga abin gyarawa ba, magana ta zo. Akwai kuma waɗanda ba a jira: ƙin abinci kwana biyu zuwa uku ga kare mai wannan haɗama bayan an tabbatar ba magani ne ya zarce ba, kasa tashi har gyambo ya fito a ƙugu, numfashi da ƙyar farat ɗaya da dasashi shuɗi, wanda sau da yawa gudan jini ne ya toshe huhu, ko ƙarin fituwitari ya girma har kare yana zagaye wuri ɗaya, yana dafa kai a bango, bai gane masu gida.

Wannan na ƙarshe a yi hattara. Duk karen da halinsa ya canza a ƙasarmu sai an tuna da haukan kare. A duba katin rigakafinsa, kada a sa hannu a bakinsa. In ya ciji wani, wanda aka ciza ya wanke wurin da sabulu minti 15 ya tafi asibiti ranar, karen kuma a killace shi ƙarƙashin idon likita aƙalla kwana 10, ba a gaggauta binne shi ba.

Alhaji Sali (Gider):
To in an yanke shawara, yaya ake yi? A ƙauye abin da aka sani shi ne a sa wani abu a nama.

Dakta Maryamu (Marwa):
Alhaji, wannan azaba ce. Maganin ɓera yana sa jini ya yi ta zuba a ciki kwanaki. Maganin ƙwarin auduga yana kawo farfaɗiya da shaƙewa, dabba tana cikin hayyacinta. Ga yara da kaji da ke iya kaiwa ga ragowar naman.

Aikin likitan dabbobi ne, kuma an fi so ya zo gida, a kan shimfiɗar da karen ya saba. Allura biyu ce. Ta farko ta barci, a tsoka, a jira minti 10 zuwa 15 har ya daina jin komai. Ta biyu ta jijiya, ita ke tsayar da numfashi da zuciya cikin minti kaɗan. Jijiyar mai Kushin tana saurin fashewa, don haka a sa ƙaramar roba a jijiya tukuna maimakon allura tsirara. A gaya wa iyali tun kafin a fara: ido ba ya rufuwa, yana iya jan dogon numfashi ɗaya ko biyu, fitsari yana iya zuba. Ba ciwo yake ji ba. Likita ya saurari zuciya ya tabbatar kafin ya tafi. Yara kuma a faɗa musu gaskiya daidai hankalinsu, kada a ce ya gudu, za su yi ta nemansa a unguwa.

Dakta Hamadu (Ngaundere):
Binnewa ma tana cikin aikin. Maganin yana nan a naman, ungulu ko wani kare ko dila da ya ci zai iya mutuwa, ga ungulu sun riga sun yi ƙaranci. Kada a jefa a bola ko a Binuwai. Rami mai zurfin da ƙasa mita ɗaya aƙalla za ta hau kansa, nesa da rijiya da hanyar ruwa, a ɗora duwatsu a sama. A bazara ƙasa ta yi tauri, a haƙa tun kafin likita ya iso.

Bakari (Garwa):
Mai tambaya yana biye. Ya ce karen yana ci, yana tashi, har yanzu yana haushi in an taɓa ƙofa. Zai fara auna ruwa gobe da safe, ya kai fitsari da jini labo ranar Litinin. Yana tambaya ko a hana shi abinci kafin ɗibar jinin.

Hawwa'u (Garwa):
E, daga daren Lahadi kada ya ci komai, awa 10 zuwa 12, don maiƙo yana dagula jinin ya ɓata sakamako. Ruwa kuwa a bar masa. Fitsarin ya iso cikin awa biyu da tarewa, in zai wuce haka a sa shi a kula.